Yadda Ake Tsara Bodin Gaban Babur Sikuta, Daga Awo Zuwa Gwaji

Bodin gaban sikuta ba abu guda ba ne, ko da yake daga nesa ido na ganinsa a haɗe. Akwai fuskar waje wadda ke tarar iska, inda galibi fitila da sigina suke zaune. Akwai murfin ciki da ke kallon gwiwoyin mahayi, mai ɗauke da ramin makulli da ƙugiyar rataya jaka. Akwai madigadi a saman tayar gaba. Sannan akwai murfin kan babur da ke ɓoye wayoyi da bayan mita. Kuskuren da ya fi yawa wajen masu fara wannan aiki shi ne su ɗauki fensir su zana siffa mai ƙayatarwa, daga baya su zo suna neman yadda za ta zauna a jikin babur. Tsarin da ya dace akasin haka yake: ana fara gano sararin da sassa masu motsi da jikin mahayi suka riga suka mallaka, abin da ya rage shi ne filin mai zane.

Kafin komai, a tabbatar da irin ginin babur ɗin. Vespa, wadda injiniyan jiragen sama Corradino D'Ascanio ya tsara wa kamfanin Piaggio na Italiya a 1946, an yi ta ne da farantin ƙarfe da aka matse, kuma garkuwar da ke kare ƙafafun mahayi wani ɓangare ce na ƙashin da ke ɗaukar nauyin babur. Lambretta ta kamfanin Innocenti, wadda ta fito a 1947, ta shahara da firam na bututun ƙarfe da ake ɗaura wa murafu, sannan Honda ta yi amfani da filastik wajen garkuwar ƙafa da madigadin Super Cub a 1958. Mafi yawan sikutocin yau sun bi wannan hanya ta biyu, wato firam daban, murafun filastik daban, kuma a kansu wannan bayani ya tsaya. Idan babur ɗin da ke hannu irin mai jikin ƙarfe ɗaya ne, yanka garkuwarsa daidai yake da yanka firam, kuma wannan aiki ne na daban.

Mataki na farko: a rubuta abin da ake buƙata

A rubuta a takarda ɗaya gudun da babur ɗin zai fi yi, irin hanyar da zai bi, ko injinsa iska ce ke sanyaya shi ko ruwa, da kuma adadin da ake son ƙerawa, domin mai son guda ɗaya da mai son dubbai ba hanya ɗaya za su bi ba. A nan ne kuma ake yanke shawara mafi nauyi: shin fitila za ta zauna a kan babur ta riƙa juyawa tare da shi, ko a fuskar gaba da ke kafe a firam? Fitilar da ke juyawa tana haska inda aka nufa a ƙananan lunguna, amma tana ƙara wa kai nauyi. Wadda ke kafe a fuska tana barin kai da sauƙi, tana kuma ba da damar sanya babbar fitila. Vespa ta farko ma a kan madigadi ta ɗora tata, kafin daga baya a mayar da ita sama. Duk wanda aka zaɓa, sauya shi bayan an yi nisa yana nufin komawa farko.

Mataki na biyu: awo

Nan ne ya kamata a fi daɗewa. A cire duk tsofaffin murafun gaba, a tsayar da babur cak a kan daɓe mai lebur, ba a jingine ba, tayoyi da iskarsu daidai. A ja layi a ƙasa wanda ya bi tsakiyar tayoyin biyu, sannan a saki zare mai nauyi daga tsakiyar sandar tayar gaba a yi alama inda ya taɓa ƙasa. Daga wannan alama za a riƙa auna komai ta fuska uku: nisa zuwa gaba ko baya, nisa zuwa dama ko hagu, da tsayi daga ƙasa. Kada a auna wani abu daga wani abu, domin ƙananan kurakurai suna taruwa su zama babba.

A fara da wuraren da ba sa motsi: kowane kunne da ramin ƙusa a jikin firam, wuyan babur, mazaunin makulli, hon, batir idan a gaba yake, da lagireto idan akwai. Bayan su sai masu motsi, waɗanda su ne ainihin masu iko da siffar bodi. A juya kai zuwa ƙarshen dama da ƙarshen hagu, a lura da hanyar da hannun birki, madubi, tiyon birki, wayar totur da ƙullin wayoyin lantarki suke bi. Sannan a danne shokozoban gaba har ƙarshen tafiyarsa, ko dai da igiyar ɗaure kaya mai matsewa ko ta cire sifirin ɗinsa na ɗan lokaci, a sake juya kai dama da hagu yana danne. Wannan haɗuwa ta dannewa da juyawa a lokaci guda ita ce ake yawan mantawa, kuma ita ce ke faruwa idan mahayi ya faɗa rami yana tsakiyar kwana. Idan madigadi ya daki ƙasan fuskar gaba a irin wannan hali, kan babur na iya ƙin dawowa.

Duk sararin da waɗannan sassa suka share haramtacce ne ga bodi, kuma sai an ƙara masa rata. A ganina milimita 10 zuwa 15 tsakanin filastik da kowane abu mai motsi shi ne mafi ƙanƙanta, a kusa da taya kuwa a ƙara, saboda laka na manne mata, kuma ba duka tayoyi masu lamba ɗaya ne faɗinsu yake zuwa daidai ba.

Sai mahayi. A zaunar da dogo da gajere, kowanne da takalmin da zai hau da shi, a auna inda gwiwa take a zaman al'ada, da inda take kaiwa idan mutum ya zame gaba yayin taka birki da ƙarfi. A kuma duba hanyar da ƙafa ke bi wajen hawa da sauka, tunda buɗaɗɗen tsakiyar nan shi ne abin da ya bambanta sikuta da sauran babura, kuma murfin ciki mai kumburi na iya cinye shi. A ɗauki hotuna daga gefe da gaba da sama, daga nesa domin kada siffa ta karkace, tare da ma'auni a cikin hoton.

Mataki na uku: iyakokin da doka ta gindaya

Fitila da sigina suna da wuraren da aka yarda su zauna, don haka a sanya su a zanen tun kafin a fara ƙawata shi. A ƙa'ida ta 53 ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan ɗora fitilu a babura, wadda ƙasashe da dama ke bi, fitilar gaba mai hasken ƙasa tana zama tsakanin milimita 500 da 1200 daga ƙasa, siginonin gaba kuma dole a sami aƙalla milimita 240 a tsakaninsu. Dokokin Tarayyar Turai sun bukaci bakin madigadi na gaba da saman gilashin kare iska su kasance a dasashe, da lanƙwasa ta aƙalla milimita 2, domin kada su yanki mutum idan an yi karo. Amurka tana da nata tsarin daban, saboda haka a nemi dokar ƙasar da babur zai yi aiki a cikinta a karanta. Shawarata ita ce a sayi fitila da sigina da aka riga aka tantance, a gina bodi a kewayensu, domin tsara madubin cikin fitila ilimi ne mai zaman kansa. A bar wa bayan fitila sarari don hannu ya kai ga ƙwai da sukurun saita haske, a kuma bar wa zafi hanyar fita, tunda har fitilar LED tana tara zafi a bayanta.

Mataki na huɗu: zane da kwali

Yanzu ne lokacin fensir. A buga hoton gefe da na gaba, a shata haramtattun wuraren da jan launi, a ɗora takarda mai shara-shara a kai a riƙa zana siffofi da yawa cikin sauri ba tare da tsayawa gyara ɗaya ba. Abin lura shi ne fuskar gaba ta yi magana da sauran jikin babur: layin da ya taso daga fuska ya sami inda zai sauka a matakar ƙafa, kuma idan bayan babur mai lanƙwasa ne, fuska mai kaifin kusurwoyi za ta zama baƙuwa a jikinsa. A zaɓi biyu ko uku, a yanka kwali a liƙa da tef a jikin babur ɗin kansa. Kwali ba ya nuna kyau, amma cikin sa'a guda yana bayyana ko faɗin ya kare gwiwa, ko tsayin ya tare mita, ko hannun birki na gogar gefe. Mai aiki da kwamfuta zai iya shigar da ma'aunan cikin manhajar zane mai fuska uku a wannan gaɓa, amma ko shi bai kamata ya tsallake kwalin ba.

Mataki na biyar: samfuri mai cikakken girma, da batun iska

A ɗaura sassaƙen katako ko ƙarfe a ramukan ƙusoshin firam, a manna masa soso mai tauri, a sassaƙe shi ya yi ƙasa da siffar da ake so da kamar santimita biyu, sannan a shafa yumɓun masu zanen motoci, wanda ake ɗumamawa zuwa kusan digiri 60 ya yi laushi, ya kuma taurare idan ya huce har a iya kankare shi. Dabarar da ke rage wahala ita ce a gama ɓari ɗaya, a kafa madubi a layin tsakiya don a ga cikakkiyar fuskar, sannan a yanki ma'aunan kwali a kowane santimita biyar a kwafe su zuwa ɗaya ɓarin. Ana gane kyawun lanƙwasa da haske, ba da taɓawa kaɗai ba: a riƙe doguwar fitila a gefe a kalli yadda layin haskenta ke tafiya a jiki. Inda ya karye ko ya yi rawa, akwai tudu ko kwari da fenti mai sheƙi zai tona.

Ƙarfin iska yana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kansa, wato idan gudu ya ninka biyu, turin ya ninka huɗu. A gudun kilomita 80 cikin sa'a, iska na danna abin da ya tare ta kai tsaye da nauyin da ya kai kusan kilo 30 a kowane murabba'in mita, alhali a kilomita 40 bai kai kilo 8 ba. Wannan ya sa babban murfi ko dogon gilashi da aka ɗaura a kan babur, maimakon a firam, yake iya jan hannun mahayi idan iska ta bugo daga gefe. A karkatar da fuska baya, a dasashe gefunanta don iska ta zagaye gwiwa. A kuma tuna cewa bayan kowace garkuwa akwai wurin da matsin iska ke raguwa, wanda ke janyo ƙura da feshin ruwa zuwa ƙafafu, yana kuma sa hular kwano girgiza. 'Yar ƙofa a gindin gilashi tana rage wannan. Idan lagireto a gaba yake, mafitar iska mai zafi tana da muhimmanci daidai da mashigarta, kuma kada ta fuskanci ƙwaurin mahayi.

Mataki na shida: rarraba bodi da zaɓen abin ƙira

A zana layukan rabuwa a jikin yumɓu da siririn tef. Tambayoyi biyu ne ke jagorantar wannan: wane murfi makaniki zai cire don kaiwa ga ƙwan fitila, hon ko fis, kuma wane ɓangare ne zai fara taɓa ƙasa idan babur ya faɗi? Na farko ya fita da ƙusoshi kaɗan ba tare da an kwance sauran ba, na biyu kuma ya zama ƙaramin yanki da za a iya sauyawa shi kaɗai. A mahaɗa, na sama ya hau kan na ƙasa, na gaba ya hau kan na baya, domin ruwa da iska su wuce ta kai. Rata tsakanin murafu ta zama iri ɗaya daga farko har ƙarshe, tunda ido ya fi saurin kama ratar da ke buɗewa tana tsukewa fiye da mai ɗan faɗi.

Filastik ɗin ABS shi aka fi amfani da shi a fuskar waje saboda yana karɓar fenti, yana kuma riƙe siffa, sai dai rana na cinye shi idan ba a fente shi ba, man birki kuma yana sa shi tsagewa, don haka kada a bar shi daidai ƙarƙashin tukunyar man birki ba kariya. Murfin ciki da matakar ƙafa galibi da wani filastik da ake kira PP ake yin su, wanda ke lanƙwashewa bai karye ba, ana barinsa da launinsa da ɗan kaushi saboda fenti ba ya kama shi da sauƙi. Gilashin fitila kuwa galibi folikabonet ne, wato filastik mai tauri da ake gani ta cikinsa. Mai ƙera guda ɗaya ko 'yan kaɗan, faiba, wato zaren gilashi da ake jiƙawa da ruwan rezin mai danƙo ya taurare, ita ce ta fi masa sauƙi.

Mataki na bakwai: bayan bodi

Fuskar da ba a gani ita ce ke yanke hukuncin ko bodi zai yi shekaru ko zai fara kaɗawa cikin 'yan watanni. Kaurin murfin filastik yakan kasance tsakanin milimita 2 da 3, kuma ana so ya zama bai ɗaya, domin wuri mai kauri yana jinkirin hucewa a mazubi, wato abin da ake zuba narkakken filastik a ciki don ya ɗauki siffa, sai ya lotsa daga waje. Idan ana son ƙarfi, ba kauri ake ƙarawa ba. Ana lanƙwasa baki zuwa ciki, ana ba fili ɗan doro, ana kuma jera haƙarƙari a baya, kowanne kaurinsa kamar rabin na bangon ko ya ɗan fi. Kowane bango da ke bin hanyar fitar da ƙira daga mazubi a karkatar da shi digiri ɗaya zuwa biyu, fiye da haka idan fuskar mai kaushi ce, in ba haka ba ƙirar za ta maƙale. Duk kusurwar ciki a zagaye ta, saboda tsaga daga kusurwa mai kaifi take farawa.

Sai ɗauri, inda zafi ke shigowa cikin lissafi. Filastik yana miƙewa da zafi fiye da ƙarfe sau da yawa: murfin ABS mai tsawon rabin mita zai ƙaru da kusan milimita biyu idan zafinsa ya tashi da digiri 40, alhali firam ɗin ƙarfe mai wannan tsawo ƙaruwarsa ba ta wuce kwatan milimita ba. Idan aka ɗaure shi tamau a ramuka huɗu masu daidai da ƙusa, ba shi da inda zai je sai ya kumbura ko ya tsage a bakin rami. Maganin shi ne rami ɗaya kawai ya zama daidai da ƙusa don ya tsayar da murfin a wurinsa, na biyu ya zama dogo don ya hana juyawa amma ya bar miƙewa, sauran kuma su fi ƙusa faɗi. A kowane rami a sanya zoben roba mai laushi da ɗan bututun ƙarfe a tsakiyarsa, ta yadda idan an matse ƙusa, ƙarfen ne zai ɗauki matsin, robar kuma ta shanye girgizar inji. Fitila, da yake tana da nauyi, a ba ta nata maɗaurin ƙarfe zuwa firam. Barin ta rataye a filastik yana sa haske rawa, yana kuma karya kunnuwa. Kunnuwan da ke shiga juna tsakanin murafu su kasance gajeru masu faɗin gindi, kuma duka su fuskanci gefe guda don murfi ya zame ya fita ba sai an ɓanɓare shi ba. A ƙasan duk wani lungu da ruwa zai iya taruwa a huda ƙaramar mafita.

Mataki na takwas: fitar da kwafin farko

Ga mai amfani da faiba, ana rufe samfurin da abin da zai toshe ƙofofinsa, a goge da sanfefa har ya yi santsi, a shafa kakin hana mannewa sau da yawa, sannan a gina mazubi a kansa. Idan siffar tana da lungun da zai riƙe, a raba mazubin gida biyu. A kula cewa rezin ɗin foliyesta yana narkar da farin soson nan mai ƙwayoyi da ake tallafe kaya da shi cikin kwali, don haka ko dai a yi amfani da soson foliyuretan ko a rufe shi sosai. A cikin mazubin ana fara shafa fatar waje mai kaurin kusan rabin milimita, a bi ta da shimfiɗa biyu ko uku na zaren faiba, ana danne kumfar iska da abin birgima. Sinadarin da ke taurar da rezin kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ake zubawa, kuma aikin na buƙatar safar hannu, tabarau, abin rufe hanci da wuri mai iska. Wanda zai kai aikin masana'antar zuba filastik, ya fara buga kwafi da na'urar ɗab'i mai fuska uku ya gwada, domin gyaran mazubin ƙarfe bayan an sassaƙa shi yana da wuya ƙwarai. Ya kuma sanar da masu mazubin irin filastik ɗin tun farko, tunda PP ya fi ABS tsukewa idan ya huce.

Mataki na tara: gwaji kafin fenti

A ɗaura kwafin ba fenti. A manna ƙananan curin yumɓu a cikin murfi a duk inda ake zargin rata ta yi kaɗan, a maimaita juya kai da danne shokozoba. Kaurin da curin ya koma shi ne ainihin ratar. A tayar da inji a juya kai ƙarshe zuwa ƙarshe, idan ƙarar inji ta tashi da kanta, to murfi na jan wayar totur, kuma ba a hawa babur a wannan hali. A tsayar da shi mita 10 daga bango da mahayi a kai, a kunna hasken ƙasa: iyakar hasken ta sauka kamar santimita 10 ƙasa da tsayin fitilar, kuma kada bakin bodi ya yanke hasken ko ya ɓoye sigina ga mai kallo daga gefe.

Daga nan a liƙa gajerun zaren ulu a fuska da gefuna, a hau a wuri marar cunkoso wani yana ɗaukar bidiyo. Zaren da ya kwanta yana nuna iska na bin jiki, wanda ke kaɗawa ko juyawa baya yana nuna inda ta rabu da shi. A fesa ruwa daga gaba da sama a buɗe a ga inda ya shiga, musamman kusa da mahaɗar wayoyi. A bi hanya mai gargada, a dawo a duba kowane rami da kowace mahaɗa: farar ƙura ko gurzuwa alama ce ta wurin da murafu biyu ke cin juna, farin layi a gindin kunne kuma tsaga ce da ke shirin fitowa. A ƙarshe a ba wani da bai san aikin ba sukurdireba a ce ya sauya ƙwan fitila, a tsaya a kalli inda ya maƙale ba tare da an taimaka masa ba. Duk abin da aka gyara a kwafin a mayar da shi cikin zane da mazubi a ranar, sannan a goge, a shafa fenti na ƙasa wanda ya dace da irin filastik ɗin, a bi da launi da rigar sheƙi mai kare shi daga rana.